Zanen Goyo Mai Hoton Firimiya

Ruwan wankan jego na tafasa a babbar tukunya a tsakar gidan Hajiya Sa'ade da ke Panshekara, mai jegon kuwa ta maƙale a ƙofar ɗaki tana neman hanyar tsira.

"Hajiya, don Allah a ɗan sirka! Jiya fa kaɗan ya rage fatar bayana ta saɓule!"

"Sirkawa? A gidan nan?" Hajiya ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan ta ɗaga, tururi ya turnuƙe. "Ke Aina'u, wuce banɗaki tun kafin in zo in fito da ke. 'Ya'yan zamani, kun iya soyayya a waya, ruwan zafi ya gagare ku!"

Hajiya Sa'ade kakar Aina'u ce ta wajen uwa, ita ta raine ta tun tana wata tara da mahaifiyarta ta rasu. Ta haura shekara tamanin, idonta ya yi rauni, amma bakinta da zuciyarta ko gezau. In ta ce a'a, duk dangi babu mai cewa i.

Kwana biyar ke nan da Aina'u ta haifi ɗanta na fari. A gida ta haihu kamar yadda aka saba, sai an yi arba'in za ta koma ɗakinta a Dakata, can bayan Bompai, gidan mahaifin mijinta. Ita da mijin nata Abdulbaƙi a kamfanin roba na Sharaɗa suka haɗu, yana kan injin bokitai tana ɓangaren ɗaure kaya. Wata shida ya yi yana tare mata kujera a bas ɗin kamfani kafin ya iya buɗe baki ya ce yana so. Auren soyayya ne tsantsa, kowane ɓangare ya sa albarka, har ana kwatance da su.

Da hantsi sai ga guɗa daga zaure. Dangin miji ne suka kawo kayan barka, Gwaggo Nafisa ƙanwar mahaifin Abdulbaƙi tana gaba. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe akwati: rigunan jariri, sabulai, turamen atamfa, kayan yaji, kanwa. Maƙwabta na ɗagawa suna sa albarka. Can da aka gama, Gwaggo Nafisa ta gyara zama ta ciro wani ƙunshi daga jakarta, ƙamshin kafur ya cika wajen.

"Wannan kuma daga hannun Yaya Labaran ne da kansa. Ya ce a faɗa wa Hajiya, shekara talatin da wani abu yana ajiyarsa. Da hannunsa ya buga shi a masaƙar da ya yi aiki a Bompai, shekarar da aka yi taron tunawa da Firimiya. Ko matarsa marigayiya bai bari ta ɗinka ba. Ya ce da shi za a fara goya jikansa na fari!"

Ta warware. Atamfa ce kore da fari, irin ta da mai kauri, an jera mata hoton mutum ɗaya a cikin da'ira, da rawani, fuska bayan fuska har ƙarshen turmi. Mata suka ɗauki salati da yabo. Hajiya ta miƙa hannu ta jawo gefen zanen, ta kai shi dab da idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wannan?"

"Haba Hajiya! Firimiya ne mana, uban Arewa! Ai ku kuka ga zamaninsa."

"Na gani," in ji Hajiya. Muryarta ta canza, har Aina'u da ke ɗaki ta ɗaga labule. "Da wannan za a goya mini yaro? A bayan jikata?"

"Albarka ce ake nema masa, Hajiya—"

Kafin ta rufe baki Hajiya ta dunƙule atamfar ta wurga ta gaban Gwaggo Nafisa, gefenta ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a bakin rariya.

"Kwashe tsiyarku ku fita! Wallahi tallahi, muddin zanen nan yana cikin gidan can, Aina'u ba ta koma ba! Ku je ku faɗa masa ni Sa'ade na faɗa!"

"Innalillahi! Hajiya, kyautar ce tsiya?"

Nan wuri ya yamutse. Masu ba da haƙuri na yi, masu neman takalmi na yi, jariri ya tsala kuka a ɗaki. Gwaggo Nafisa ta tsince atamfar tana kakkaɓewa, hawaye na zuba, ta fita ko sallama babu. Aina'u ta tsaya riƙe da labule, ba ta ma gane me ya faru ba. Ita Firimiya a littafin tarihin firamare ta san shi, sai kuma hoton da ke rataye a falon surukinta, wanda kullum da safe take goge masa ƙura.

* * *

A Dakata, Malam Labaran ya shimfiɗa atamfar a kan gwiwarsa yana duban tabon ruwan rariya. Mutum ne mai sanyi, bai iya hayaniya ba, amma irin mutanen nan ne da in suka ƙulla abu sai Allah. Abdulbaƙi na durƙushe a gabansa da kayan aiki a jiki.

"Ka san ni ɗan wane ne?" in ji tsohon. "Ɗan mai kiwon shanun wani. A zamanin mutumin nan aka zo ƙauyenmu aka ɗebe mu makaranta, babana yana bin mota yana kuka. Da wannan karatun na shiga masaƙa, shekara ashirin da bakwai ina kan inji. Da shi na gina gidan nan, da shi na sa ka a makaranta. Yau masaƙar ta zama sito, jemagu ke kwana a ciki. Abin da ya rage mini na aikin hannuna ke nan, shi na ɗauka na ba ɗanka. Shi aka jefa a kwata."

"Baba, ku yi haƙuri, tsufa ne—"

"Tsufa ba hauka ba ne. An ce mini tsohuwar 'yar adawa ce, irin waɗanda ba su taɓa ganin alherin kowa ba. To ka ji: kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidan tsohuwar can. Kada ka aika biko. Sai sun zo da ƙafarsu sun karɓi zanen nan sun goya yaron da shi. In ka tsallake maganata, ban yafe ba."

"Baba! Matata ce fa, da ɗana!"

"Ni kuma ubanka ne."

Haka aka yi suna rabi da rabi. Aka raɗa wa yaro Abubakar a masallacin Dakata, aka aika rago Panshekara a bayan adaidaita, babu dangin uba ko ɗaya a taron mata. Ana kiran yaron Sadik. Limamin unguwa ya sa baki, kawunnan Aina'u suka zo suka durƙusa, duk a banza. Hajiya ta ce ta rantse, Malam Labaran ya ce ya faɗa. Abin haushin, duk su biyun babu wanda ya taɓa ganin Firimiyan nan ido da ido, kuma ya fi shekara hamsin a kabari.

Aka yi arba'in. Aina'u ta yi kitso ta yi lalle, ta haɗa kayanta a jaka ko Allah zai sa a huce. Rana ta faɗi babu wanda ya zo, babu wanda ya ce mata tashi. Washegari ta kwance jakar. Hajiya ta hana ta ko leƙa zaure, wai kada a sace mata ita. Duniyarta ta koma ɗaki, tsakar gida, igiyar shanya, sai warin masana'antun fata na Challawa da iska ke kawowa da yamma. Ta rame, nono ya ragu, Hajiya na ta dama mata kunun kanwa tana faɗan ba ta ci.

Waya ce kawai ta rage musu. Kullum in an fita cin abincin rana Abdulbaƙi zai raɓe a bayan janareto ya kira bidiyo, ta haska masa fuskar yaron.

"Kin ga ya fara dariya, ni ban taɓa jin nauyinsa a hannuna ba tun yana kwana huɗu," ya ce ran nan. "Ainu, jiya da na tashi shif na zo har layinku. Na tsaya wajen mai faci, ina hango kayan yaron a kan igiya ta saman katanga. Awa guda ina kallon wandon jariri kamar mahaukaci!"

"Wayyo Abban Sadik, ka daina, kana karya mini zuciya..."

"To ki saurare ni. Na samu ɗaki a Ja'en, kusa da kamfani. Ranar rigakafi ki fito da shi kamar za ki asibiti, ina jiranki a titi. Ba gidan Baba ba ne, ba gidan Hajiya ba. Shi ke nan, kes ya mutu!"

 Allah Ya sani ran Aina'u ya biya, har ta hango kanta a ɗakin.

"Da albarkar wa za mu shiga ɗakin?" ta tambaya a hankali. "Babanka ya ce bai yafe ba. Hajiya kuma ita ta tauna ta ba ni tun ba ni da haƙori. In na gudu ta faɗi ta mutu, da wane ido zan kalli yaron nan?"

"Filis, Ainu! Ko dai zaman can ɗin ya fi miki daɗi ne?"

"Ni ka faɗa wa haka? Ni?"

Kuka ya ƙwace mata ta kashe wayar. Ya kira ya fi sau goma yana turo sori, ba ta ɗauka ba sai washegari. Ba fushi take da shi ba, tsoro take kada ya sake roƙonta ta kasa cewa a'a.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ƙawarta Alheri ta zo, 'yar kudancin Kaduna ce da suke ɗaure kaya tare a kamfani. Ta ɗauki Sadik tana juya shi.

"Ke dai kin ga ta kanki, gaba kura baya sayaki! Mu ma a garinmu haka ne fa. Kakana in aka ambaci mutumin nan tashi yake ya bar wajen, ƙaninsa kuma da ya yi soja har ya mutu yana yabonsa. Amma su ba su taɓa raba aure a kai ba." Ta rage murya. "Wai ke kin taɓa tambayarta me ya yi mata?"

"Wa ya isa? Da na buɗe baki sai ta ce in rufe mata shi."

"Kina tambaya ne don ta sake ki, shi ya sa. Tsohuwa ba ta jefa atamfa a kwata don siyasar rediyo. Akwai dai wani abu."

* * *

Maganar ta zauna wa Aina'u. Kwana biyu bayan haka, da safe, Sadik ya tashi da zazzaɓin allurar rigakafi, yana ta kuka ya ƙi nono. Aina'u ta goya shi tana jijjigawa har ya yi lamo. Sai ta lura Hajiya na bin ta a baya duk inda ta juya, jim kaɗan ta kai hannu ta taɓa tafin ƙafar yaron, jim kaɗan ta sake taɓawa. 

"Sauke shi! Sauke shi in gani!"

"Barci fa yake, Hajiya."

"Na ce ki sauke shi!"

Ta sauke. Hajiya ta kara kunnenta a ƙirjinsa, sai da ta ji numfashi sannan ta zame ta zauna a ƙasa daɓas. Aina'u ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta.

"Hajiyata, ba don in koma nake tambaya ba. In kin ce in zauna har abada zan zauna. Me aka yi miki?"

 Da tsohuwar ta fara magana, a hankali ta yi ta, babu faɗa.

"Uwarki ba ita ce ta fari ba. Akwai wani kafin ita, namiji. Ina da shekara goma sha tara, a ƙauye. Kakanki ɗan jam'iyyar talakawa ne, mu matansu mukan taru a gida ɗaya mu yi waƙa, mu ce a daina kama mazajenmu. Ran nan 'yan doka suka zagaye gidan. Aka kora mu gaban alƙali, ina goye da shi, watansa huɗu. A bangon bayan alƙalin akwai hoto. Wannan fuskar, wannan rawanin. Shi nake kallo aka yanke mana wata guda."

Ta ci gaba.

"Ɗaki ɗaya aka zuba mu, mu goma sha bakwai, da bazara. Ƙyanda ta kama shi. Na roƙi mai gadi har na kama ƙafarsa, ya ce ba shi da iko. Babu wajen kwantar da shi, kullum yana bayana. Rana ta goma sha ɗaya na ji ya yi shiru, na ce alhamdulillahi ya samu barci. Ina ta jijjiga shi ina masa waƙa. Sai wata tsohuwa a cikinmu ta taɓa ƙafarsa, ta ce, 'Yarinya, sauke shi.'"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hajiya!"

"Suka karɓe shi ta ƙofa. Har yau ban san inda aka sa shi ba. Da na fito, kakanki ya gudu Kano, dagaci ya yi shela duk wanda ya shiga gidanmu shi ma ɗan adawa ne. Aina'u, ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Mutum ɗaya bai zo ya ce mini ya haƙuri ba. Uwata ma ta bayan danga ta leƙo ta koma. Na ɗaure bakina, ko uwarki ban faɗa wa ba. Shekara sittin. Sannan a kawo mini fuskar nan a ce in ɗaura ta a bayan jaririna?"

Suka rungume juna suna kuka, yaron na barci a tsakaninsu. Tausayin kakarta ya rufe Aina'u har ta ji kunyar duk ƙorafin da ta yi a zuci. Can ta share ido.

"Hajiya, Baba bai san wannan ba. Shi ma abin da ya fi so a duniya ya ɗauko ya ba mu. Ki yarda in faɗa masa."

"Bakinki ne. Amma mutanensu ba sa ji. Ba su ji da can ba, yanzu za su ji?"

Tunda aka kai Aina'u gidan Malam Labaran ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce daga durƙushe sai ta tashi. Yanzu ga ta riƙe da waya za ta kira suruki da kanta. Sau uku tana dannawa tana kashewa. A na huɗu ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuninku? Aina'u ce. Ku gafarce ni, na san bai kamata in kira ku ba..."

"Ina jin ki."

Ta faɗa masa duka, ba ta ƙara ba ta rage ba. 

"Allah Ya kyauta," ya ce daga baya. "Amma 'yata, shi bai san an yi ba. Yana Kaduna, ina zai san abin da wani alƙalin ƙauye ya yi? Ai ba a mugun sarki sai mugun bafade."

"Haka ne, Baba. Ni yarinya ce, ban san sarki ba, ban san bafade ba. Ban kira don ku sauke hotonku ba, na san abin da ya yi muku. Abin da na sani kawai, ɗanta ya mutu a bayanta, kuma har yau ba wanda ya je mata gaisuwa."

 Ta ji ya ajiye wayar.

Kwana ɗaya, biyu, huɗu, babu labari. Abdulbaƙi ya ce Baba ya daina zama a falo, abinci ma sai an matsa masa, kuma bai ce da shi uffan ba. Aina'u ta sallama, ta ce ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, ta tone asirin kakarta a banza. Ta koma ga sallarta da addu'a, tana wanki tana shanya, kwana sittin da uku da haihuwa.

* * *

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Muryar dattijo ce. Aina'u na tsakar gida tana tankaɗe, rariyar ta suɓuce daga hannunta.

"Hajiya... Baba ne!"

"Ya zo da tsummansa ne? Ce masa ba na nan!"

"Hajiya, don girman Allah."

Tsohuwar ta ja tsaki, ta yafa mayafi ta dogara sanda zuwa zaure, bakinta cike da maganar da ta tanada. Aina'u ta bi ta ta raɓe a bayan ƙofa. Malam Labaran ne da farar riga da carbi, Abdulbaƙi a bayansa kai a sunkuye, sai dattawa biyu na masallacinsu da Gwaggo Nafisa. Hannunsu babu ƙunshi. Tabarma suka zo da ita, suka shimfiɗa a zauren da kansu, suka cire takalma suka zauna.

"In zanen ne ya kawo ku—" Hajiya ta fara.

"Ba shi ba ne, Hajiya." Malam Labaran ya sunkuyar da kai. "Gaisuwa muka zo. Mun samu labarin rashin da aka yi muku. Mun makara, ku yafe mana. Ya haƙuri?"

Hajiya ta bi su da kallo. 

"Ya haƙuri, Hajiya?" in ji dattawan, ɗaya bayan ɗaya. "Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ne."

Gwaggo Nafisa ta tashi ta riƙe ta ta zaunar da ita a gefen tabarmar. Tsohuwar da ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ƙyar aka ji amsar.

"Haƙuri... da godiya."

"Za mu yi masa addu'a," in ji Malam Labaran. "Ya sunan yaron?"

Ɗan fari ne, ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle an shekara sittin babu wanda ya tambaya.  Hajiya ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Shu'aibu," ta ce. "Sunansa Shu'aibu."

Aka ɗaga hannu. Maƙwabta da suka ji salati suka fara leƙowa, da suka ji gaisuwar mutuwa ce sai suka shigo suka zauna, wasu ba su ma san wa ya rasu ba. Kafin azahar an ƙara tabarma biyu a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, kowa ya shigo sai ya durƙusa gaban Hajiya ya ce ya haƙuri. Ita kuwa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaji ba.

Da mutane suka ragu Malam Labaran ya matso.

"Hajiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni har in mutu ina yi wa mutumin nan addu'a, don ta dalilinsa na zama mutum. Amma da na san abin da fuskarsa ke tuna muku, wallahi da ban aiko ba. Zanen yana akwatina, in kun ce in fitar da shi daga gidan, yau zan kai shi ƙauye."

Hajiya ta dube shi da jajayen idanu.

"Ni ma ba zan yi maka ƙarya ba, Labaran. Ni da shi sai gaban Allah, can za a san wa ya sani wa bai sani ba. Amma aikin hannunka ne, kuma na jefa shi a kwata. Wannan laifina ne. Bar shi a akwatinka. Rantsuwata kuwa, miskinai goma zan ciyar, ba ta fi ƙarfin tukunyata ba." Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya, tsohon halin ya dawo. "Ke mai laɓe! Na san kina nan. Kawo wa bawan Allah ɗansa, ya zauna yana ta leƙe kamar ɓarawon kaji!"

Aina'u ta fito da Sadik, kanta a ƙasa, ta miƙa wa surukinta. Malam Labaran ya tofa masa addu'a, ya juya ya ɗora shi a hannun Abdulbaƙi.

"Karɓi. Na janye maganata, Allah Ya yi muku albarka. Matarka ta fi mu hankali, ni da Hajiya duka."

Abdulbaƙi ya rungume yaron, ya kasa ɗaga kai.

"Ya yi nauyi," kawai ya iya cewa, hawaye na ɗiga a kan rigar jaririn.

Washegari da la'asar Hajiya da kanta ta ɗora wa Aina'u yaron a baya ta ɗaure da wani farin zanen saƙi nata, ta raka su har bakin titi tana faɗan kada a daina ba shi ruwan tsimi, kada a bar shi a iska. Da adaidaitar ta tashi sai ta juya da sauri wai ƙura ta shiga mata ido.

To, masu karatu, kun dai gani. Da Aina'u ta bi ta titi ranar rigakafi, da ta samu ɗaki ta rasa albarka, kuma da tsohuwar nan ta tafi kabari da ciwonta a rufe. Mahaƙurci mawadaci. Shugaba guda yakan zame wa wani inuwa ya zame wa wani rana, kuma kowannensu gaskiyar abin da ya same shi yake faɗa. Ba dole ne ka zagi wanda ya zame maka inuwa don ka faranta wa maƙwabcinka ba. Amma kafin ka ɗaga muryar yabo a ƙofarsa, ka fara tambaya ko akwai gaisuwar da ba a yi masa ba.